Jajayen 'Ya'yan Kwalli

A wani daji da kogi ya raba biyu, karnuka ne ke riƙe da gaɓar gabas, kuma dukkansu baƙaƙe ne wuluk. Ba su da abin alfahari da ya wuce wannan baƙin. Farautarsu ba ta fi ta kowa ba, haushinsu ma in ka kasa kunne irin na kowane kare ne, amma in ɗayansu ya je tafki ya ga kansa a cikin ruwa, sai ya daɗe a tsaye bai sha ba. A gaɓar yamma kuma akwai wasu karnuka jajaye, 'yan tsiraru, masu rayuwa da abin da ruwa ya kawo. Baƙaƙen ba sa gaisawa da su. In baƙo ya tambaya daga ina jajayen nan suka samo asali, sai a ce masa ɗan mutunci ba ya irin wannan tambaya.

Don kada baƙin nan ya gurɓata, kakanninsu sun kafa abin da suke kira Majalisar Tsaron Asali, mai zama a gindin wata tsohuwar kuka. Aikinta ɗaya ne. Duk karyar da ta haihu, ranar bakwai za ta kwaso 'ya'yanta ta jera su a kan wani falalen dutse, dattawa su bi su ɗaya bayan ɗaya, su juya su ciki da baya, su leƙa har ƙarƙashin wutsiya. In an same su baƙaƙe, magatakarda ya karta wa kowanne layi a jikin kukar da farcensa, shi ke nan sun zama 'ya'ya. In kuwa aka ga wani launi, doka ta ce uwar ta ci amanar mijinta, a kore ta da duk abin da ta haifa zuwa fakon arewa, inda babu ruwa sai kuraye. Dattawan sukan faɗa, suna shafa ƙirji, cewa an yi shekaru ba a taɓa wannan doka ba, saboda matansu masu kamun kai ne. Matan in sun ji haka ba sa cewa komai.

Shugaban majalisar a lokacin sunansa Gawayi, wani tsoho mai kunnen hagu a lanƙwashe tun haihuwa, wanda ya iya yin shiru har a ɗauka tunani yake yi. Magatakardansa kuwa Tawada, siririn kare mai yawan sunsune-sunsune, bai taɓa yarda cewa ana gaishe shi don Allah ba. In ka ce masa ina kwana, zai wuni yana binciken abin da kake nema a wurinsa.

Gawayi yana da ɗa, Hadari, wanda kowa ya san shi zai gaje shi. Hadari ya auri wata karya mai suna Kwalli, mai natsuwa, wadda ba a taɓa jin muryarta a tsegumin bakin tafki ba. Ana tsakiyar bazara, mijinta ya tafi farautar kwana biyar da samari, ta haifi 'ya'ya takwas. Shida baƙaƙe, biyu kuwa jajaye jawur, kamar sabuwar tukunya.

Ungozomar dajin ita ce Inna Kunkuru. Ba a taɓa jin ta isa gida kafin haihuwa ba. In aka aika mata naƙuda ta tashi, takan iso a rana ta uku, lokacin da mai jego har ta fara fitowa shan iska. Saboda haka aikinta ya koma duba jarirai da ƙirga su, kuma shekara arba'in ke nan tana yi. Babu dattijo a majalisar da ba ta ga kakan kakansa yana tsotso ba.

Da ta iso ramin Kwalli, ta miƙa wuya ta dubi 'ya'yan, ta daɗe a kan biyun nan, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Sannu da arziki, 'yar nan. Kin tuna ranar aurenki na ce miki kada ki yi mamaki in kin ga ja? To, ga shi. Kada ki firgita, akwai yadda ake yi. Gobe da tsakar rana, in dattawa sun miƙe a inuwa, ki ɗauki biyun nan ki bi mashigi, ruwa bai kai gwiwa ba yanzu. Akwai wata tsamiya a tsallake. Ki ajiye su a gindinta ki juyo, kada ki waiwaya. Kafin la'asar wata daga cikin jajayen za ta zo ta ɗauka ta shayar. Ranar bakwai ki jera shida, a karta miki shida."

Kwalli ta ce, "Inna, wace uwa ce ta taɓa yin haka?"

"Ki tambaye ni wadda ba ta taɓa yi ba, amsar ta fi gajarta."

Washegari Kwalli ta ɗauki ɗaya daga cikin jajayen a baki ta nufi mashigi. Ta sa ƙafa a ruwa, ɗan ya ji sanyi a wutsiyarsa ya yi ɗan kuka, sai ƙafafunta suka ƙi gaba. Ta tsaya a nan har ruwan da ta dama ya kwanta, sannan ta juyo gida da abinta. Ba ta lura ba, a tsallake akwai wani jan kare mai suna Jatau yana kamun ƙaguwa, a bayan wani kurmi kuma Tawada yana kwance da ido biyu, don shi ba ya barcin rana, yana ganin lokacin ne ake shirya masa makirci.

Ta tarar da Inna Kunkuru ba ta yi nisa da ƙofar ramin ba, ta ce mata, "Inna, na kasa. Takwas na ɗauka a cikina, takwas na ji suna motsi. Ban yi wa kowa laifi ba, ba zan zubar da biyu kamar na sato su ba."

Tsohuwar ta ce, "Kin san fakon arewa kuwa? Bazara muke ciki."

"Na sani, Inna."

Rana ta biyar Hadari ya dawo da cinyar gada a baki, yana ta kaɗa wutsiya. Ya leƙa ramin, naman ya faɗi ƙasa.

"Waɗannan na waye?"

"Naka ne, maigida."

Ya sunsuna su, ya sunsuna baƙaƙen, ƙanshin ɗaya ne. Ya sake sunsunawa ko hancinsa zai canza magana, bai canza ba. Bai zage ta ba, bai yi haushi ba, ya dai fita ya kwanta a waje ya juya wa ramin baya. Hadari yana son matarsa, wannan ba a musu, amma zato ya riga ya shige shi. Ya fara tuno duk ranar da ta je shan ruwa ta daɗe, da ranar da ya yi mata magana ba ta ji ba tana kallon yamma, abubuwan da a da bai ko lura da su ba. Ita kuwa tana jin numfashinsa a ƙofa, shirun nan nasa ya fi mata duka ciwo.

Kafin ranar bakwai zance ya gama daji. Wata ta ce dama tafiyar Kwalli ba ta taɓa kwanta mata ba. Wani ya ce ya taɓa ganin jan gashi a kan ƙaya kusa da raminta, da aka matsa masa ya ce ko dai na kurege ne, amma an riga an wuce da maganar. Tawada ya aika a kirawo Jatau daga tsallake. Inna Kunkuru kuwa tun rana ta huɗu ya aika mata sammaci, don ta samu ta iso a kan lokaci.

Ranar bakwai da hantsi gindin kuka ya cika. Dattawa a inuwa, mata a gefe, Jatau shi kaɗai a rana, tunda doka ba ta yarda ja ya taka inuwar kukar ba. Kwalli ta kawo 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ta jera a kan dutse, takwas cif, sannan ta zauna ta sunkuyar da kai, don ba ta iya haɗa ido da surukinta ko da a ranar da zai yanke mata hukunci. Tawada ya miƙe ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, dattawa, jama'a. Ni ba mai zargi ba ne, kowa ya san halina. Amma ina da ido. Ga ja biyu a kan dutsen da bai taɓa ganin ja ba. Baƙi ya auri baƙa, ina ja zai fito in ba shigo da shi aka yi ba? Wannan ɗaya. Na biyu, kwana uku da suka wuce, da tsakar rana, lokacin da mutanen kirki ke barci, na ga wannan mai jego a mashigi da jan ɗa a baki, ga kuma wancan Jatau a tsallake. Ya ce ƙaguwa yake kamawa. Ni dai ban ga ƙaguwar ba. Na uku, kuma shi ya fi tayar mini da hankali, an ji ungozoma tun ranar aure tana gaya wa amarya kada ta yi mamaki in ta ga ja. Tun ranar aure, jama'a! Wanda ya san abu kafin ya faru, da shi aka shirya. Ina roƙon majalisa ta zartar da doka a kan uwa da 'ya'yanta takwas, ta kuma bincika ko tsohuwar nan ita ce 'yar aiken da ke tsakani."

Aka yi ta gyaɗa kai. Gawayi ya yi irin shirun nan nasa, sannan ya dubi Jatau ya ce ko yana da magana. Jatau ya ce shi bai taɓa ko gaisawa da ita ba, ƙaguwar kuma ya cinye, shi ya sa babu shaida. Aka tambayi Kwalli, ta ce 'ya'yan mijinta ne, ba ta da abin ƙarawa. Aka juya kan Inna Kunkuru, aka jira ta ta iso tsakiyar fili.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ni ba boka ba ce, ba na duba. Ƙirga kawai na iya, shi ma don ba ni da abin yi ne in na iso an riga an haihu. A tara mini tsakuwa, baƙaƙe da jajaye."

Aka tara mata. Ta tura baƙa ɗaya ta ɗora a kan ja ɗaya, har jar ta ɓace a ƙasa.

"Kowane kare a nan yana ɗauke da tsakuwar launi biyu a jininsa, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ban taɓa ganinsu da ido ba, amma shekara arba'in ina ganin aikinsu. Baƙar tsakuwa mai danniya ce. In ta haɗu da ja, sai ta hau kanta ta zauna, kare ya fito baƙi wuluk, babu wanda ya san akwai ja a ƙasa, har shi kansa. Ja ba ta fitowa fili sai ta sami 'yar'uwarta ja. Shi ya sa a tsallake, ja ya auri ja, ban taɓa ganin baƙin ɗa ba, don ba su da baƙar da za su bayar. A nan kuwa lamarin ya sha bamban."

Ta yi tsibi biyu, baƙa a kan ja, ta ce wannan uba ne, wancan uwa. Sannan ta jera tsakuwa bibbiyu a wuri huɗu.

"Uba zai ba ɗansa ɗaya cikin biyun da yake da su, bai san wadda ya bayar ba. Uwa ma haka. Baƙa da baƙa, ɗa baƙi ne ciki da waje. Baƙar uba da jar uwa, baƙi ne a ido. Jar uba da baƙar uwa, shi ma baƙi ne a ido. Ja da ja kuwa, ga su can a kan dutse suna neman nono. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Ba kowane ciki ke cika lissafin daidai ba, wani babu ko ɗaya, wani a sami uku, amma in ka tara na shekaru, nan yake komawa. Na san gidan da amarya ta fito, na san gidan da ango ya fito, shi ya sa na ce mata kada ta yi mamaki."

Tawada ya yi tsalle. "Kun ji! Da bakinta ta ce Kwalli tana ɗauke da ja!"

"Tana ɗauke da ita, magatakarda. Amma ja ɗaya ba ta haifar ja. Sai uban ya kawo tasa."

"Shi ya sa muka kirawo Jatau!"

"Jatau zai iya kawowa. Hadari ma zai iya. Ban ce na san duk inda Kwalli ta taka a rayuwarta ba, ba na bin ta, ko na bi ta ma ba zan cim mata ba. Abin da na ce shi ne jan ɗa ba shaida ba ne a kan uwa ita kaɗai."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Gawayi ya ɗaga kai, a karon farko ranar nan ya yi magana ba tare da ya fara yin shiru ba.

"Ɗana? Daga ina ɗana zai sami ja?"

"Ranka ya daɗe, da ka bari na gaya maka mu biyu."

"Majalisar nan ba ta da abin ɓoyewa. Faɗi kowa ya ji."

Inna Kunkuru ta ja wuyanta ciki kaɗan, ta sake fito da shi.

"To. Shekara huɗu da suka wuce, matarka marigayiya Shuni ta haihu, aka karta mata huɗu a jikin kukar nan, har da Hadari. Biyar ta haifa. Na biyar ɗin ja ne. Ta kai shi gindin tsamiya a tsallake, ta dawo ta yi kwana uku ba ta ci abinci ba, kai kuma ka ce zafin jego ne. Ɗan ya rayu. Ga shi can a rana."

Duk idanu suka koma kan Jatau. Da yake ba a saba kallon ja da kyau ba, sai ranar aka lura kunnensa na hagu a lanƙwashe yake. Aka dubi Jatau, aka dubi shugaba, aka sake duban Jatau. Gawayi ya yi ƙoƙarin miƙe kunnen nasa, abin da ya gagare shi tun yana jariri.

Tsohuwar ta ci gaba. "Saboda haka hanya biyu ce, ranka ya daɗe. Ko dai kai ma kana da ja a ƙarƙashin baƙarka, ka kuma ba Hadari kamar yadda ka ba ɗan'uwansa, ko kuwa jan ɗa shaidar cin amana ce kamar yadda doka ta ce, a ce marigayiya ta ci amanarka, a goge layin Hadari daga jikin kuka tunda ciki ɗaya suka fito. Ni ban isa in zaɓa maka ba."

Tawada kuwa, da yake kansa ba ya hutawa, nan take ya hango wata hanya, ya ɗan matsa kusa da wurin zaman shugaba.

"Jama'a, abin baƙin ciki ne ƙwarai," in ji shi, yana sassauta murya. "Ashe matsalar ta gida ɗaya ce. Ba na so in faɗa, amma dole a duba ko ya dace gidan da aka sami wannan tabo ya ci gaba da riƙon majalisa, alhali ga gidaje masu tsabta."

Inna Kunkuru ta ce, "Gaskiyarka, gara a bi gida-gida. Bari in fara da naka."

Ba ta kai ga farawa ba. Daga cikin mata wata tsohuwa ta miƙe da ƙyar, wadda furfura ta cinye wa baki, uwar Tawada ce da kanta.

"Ba sai kin faɗa ba, Inna. Nawa uku ne. Biyu a cikin farko, ɗaya a cikin da na haifi wannan mai surutun. Mace ce, ita ta fi shi kama nono. Kullum in na je shan ruwa sai na dubi tsallake ko zan gane su, ban taɓa ganewa ba."

Ta fashe da kuka. Ba wadda ta ce mata ta yi shiru. Matan da ke gefe duk suka sunkuyar da kai, wasu kafaɗunsu na rawa, kuma duk dattijon da ya nemi idon matarsa a cikinsu bai samu ba.

Daga nan zato ya bar kan Kwalli ya bazu cikin inuwar kukar. Dattawan da suka shekara goma suna zama kafaɗa da kafaɗa suka fara jan jiki. Wannan ya saci kallon bayan wancan, wancan ya karkata ya duba cinyarsa a ɓoye. Wani da rana ta ɗan ƙona wa gashin wuya ya ga ana kallonsa, ya rantse ba a tambaye shi ba. Can wani dattijo ya ce, shin babu yadda za a gane mai tsabta da mai ɓoye ja?

"Akwai," in ji Inna Kunkuru. "A ido ba a ganewa, ko za ku wuni kuna juya shi. Amma a aura masa ja daga tsallake. Ita ja kawai take da ita, ba ta da abin danne komai. In 'ya'yan suka fito baƙaƙe duka, ciki biyu ko uku a jere, to tsakuwarsa biyu baƙaƙe ne. In ko ɗaya ya fito ja, an gane. Wata biyu ne cikin kare, ba za a daɗe ana jira ba. Wa zai fara?"

Tari ya sarƙe mai tambayar. Na kusa da shi ya ce shi ya tsufa da aure. Wani ya ce shi a shirye yake, amma ba zai shiga gaban manya ba. Gawayi ya ce majalisa za ta keɓe ta yi shawara, duk suka zagaya bayan kuka.

Suka daɗe. Rana ta take tsaka, dutsen ya ɗauki zafi, 'yan kwikwiyon suka fara kuka, kuma doka ba ta yarda uwa ta taɓa su ba sai an yanke hukunci. Kwalli tana zaune tana jin kukan har cikin ƙashinta, tana tunanin tafiyar fako da takwas, alhali baki guda take da shi, wanne za ta ɗauka, wanne za ta bari. Sai ta ga Hadari ya tashi daga cikin samari, ya hau dutsen, ya tsaya a kan jajayen nan biyu ya yi musu inuwa da jikinsa. Doka ba ta ce komai a kan uba ba, don ba a taɓa zaton wani uba zai yi ba.

Bai iya kallonta ba, ya ce, "Ki yafe mini, Kwalli."

Ta ce, "Ka ɗan matsa hagu, maigida, rana na taɓa na ƙarshen."

Sai da la'asar ta yi dattawa suka fito, kowa fuska a ɗaure. Gawayi ya hau wurinsa.

"Jama'a, majalisa ta yi nazari mai zurfi. Dokar kakanni tana nan daram, ba a taɓa ta ba, ba kuma za a taɓa ta ba: duk wadda ta haifi ja, fako ne makomarta. Sai dai majalisa ta duba 'ya'yan nan takwas da idon basira, ta same su baƙaƙe dukkansu. Biyu daga ciki suna da wani irin baƙi mai haske, wanda aka san gidajen asali da shi tun da. Saboda haka babu laifi a kan uwarsu, babu a kan ubansu, babu a kan kowane gida. Duk wanda idonsa ya nuna masa wani launi dabam, ciwon ido ke damunsa, ya kawo kansa majalisa a duba shi. An kuma hana wasa da tsakuwa a gindin kuka, saboda yana raba kan jama'a. Baƙon da aka kirawo daga tsallake yana iya komawa. Maganar kunnensa, an kafa kwamiti."

Tawada ya je jikin kuka ya fara kartawa. Kwalli ta matso ta tsaya a bayansa tana ƙirgawa a fili, ba ta motsa ba sai da ta ga na takwas ya zauna sosai. Sannan ta hau dutsen ta kwanta a nan gaban kowa, 'ya'yan suka rufe ta, jajayen suka riga sauran kama nono. Ba ta yi wa majalisa godiya ba, majalisa ma ba ta nema ba.

Jatau ya ɗan tsaya a inda yake, yana kallon Gawayi, ko za a kira shi da wani suna. Gawayi ya shiga shirunsa. Da Jatau ya ga haka sai ya juya ya nufi mashigi. Uwar Tawada ta bi bayansa tana ɗingishi, tana tambayarsa ko ya san wata ja mai kamar shekara shida, mai yawan ci.

Da shekara ta zagayo, 'yan kwikwiyo arba'in da ɗaya aka jera a gaban majalisa, magatakarda ya karta arba'in da ɗaya, duka baƙaƙe. Ba a taɓa ganin yawan haihuwa irin na shekarar ba, dattawa suka ce albarkar tsare asali ce. Ciwon ido ne dai ya yi yawa a dajin, amma har yau ba wanda ya kawo kansa a duba shi.